Ɗantani Ya Rage Wa Akori-kura Tsawo

A Bakura in aka ce motar Dogo, ba a neman ƙarin bayani. Fijo ce akori-kura, fara, irin wadda aka daina ƙerawa tun direbobinta na farko ba su yi furfura ba. Alhaji Umaru Dogo, tsohon falken shanu, ya saye ta sabuwa a zamanin da ake aikin madatsar Bakolori. Ta ɗauko shanu daga Maradun, ta ɗauki shinkafa, ta ɗauki gadajen amare da marasa lafiya. Sa'o'inta duk sun zama ƙyauren shago da kaskon suya. Ita kaɗai ta rage, ita da mai ita. Da la'asar akan ga Alhaji ya shimfiɗa tabarma a bayanta ya miƙe, kansa a jikin gidan direba, dugadugansa na taɓa ƙofar baya daidai wa daida, yana kallon sama. Mutane sun ɗauka iska yake sha.

Da Alhaji ya tashi tafiya Umra, sai ya kira Ɗantani mai yadi, ɗan ƙanwarsa kuma mijin 'yarsa Lantana, ya ɗora masa makulli a tafin hannu.

"Ga amana," in ji shi. "Idona ya fara gazawa, tuƙi ya ƙare mini. In na dawo na iske ta yadda na bar ta, makulli ya zama naka, ka riƙa kai haja kasuwanni. In ba haka ba, Maikuɗi na nan."

Maikuɗi ɗan ƙanen Alhaji ne, mahauci, taubashin Ɗantani, wanda ya daɗe yana kallon motar kamar yadda yake kallon sa mai ƙiba. Ɗantani ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

"Kawu, za ka iske ta ta fi yadda ka bar ta."

"Ban nemi haka ba," in ji Alhaji.

Shi Ɗantani tun da ya yi wayo ba a taɓa jin ya ce bai san abu ba. Ya taɓa zama ɗan lokaci a Kaduna, a wani shago mai kallon garejin makanikai, kuma daga wannan kallon ya dawo gida da ilmin injiniya. Saboda haka tun jirgin Alhaji bai gama tashi daga Sakkwato ba ya yanke shawarar gina wa motar rumfar kwano, don kawu ya dawo ya ga bambancin mai hankali da mai yankan nama. Da kafinta ya tambayi awo, Ɗantani ya ce idonsa ya riga ya auna.

Aka gama rumfa, aka shigar da mota. Kanta ya shiga, cikinta ya shiga, bayanta ya tsaya a waje da kamu guda. Damina ce kuwa. Da can ruwa kan sauka a kan motar kamar yadda yake sauka a kan kowa. Yanzu duk abin da kwanon ya tara sai ya gangaro ya zuba a cikin bodin, ba ɗigo ɗaya da ke ɓata. Da gari ya waye aka iske agwagin maƙwabta suna iyo a ciki.

Maikuɗi ya zo wucewa da tiren nama a ka, ya tsaya.

"Injiniya, barka da ƙoƙari. Kifin yaushe za a zuba?"

"Wuce ka sai da ƙashinka."

"Ƙara mata kwano biyu dai, magana ta ƙare."

Shawara ce mai sauƙi, kuma duk wanda ya wuce ita ya bayar. Amma ƙara kwano ya zama Ɗantani ya yarda idonsa ya yi ƙarya. Ya zagaya rumfar, hannuwa a baya, sannan ya juyo ga jama'a.

"Rumfa ba ta da laifi. Motar ce ta yi tsawo. Turawan da sunka ƙera ta ba su san gidajenmu ba. A Kaduna manyan mutane rage musu baya suke yi, mota ta yi ɗas, ta rage shan mai. Ku ba ku fita ba ne."

A cikin gida Lantana tana tsince shinkafa ta saurari shirin har ƙarshe.

"Malam, Baba cewa ya yi a iske ta yadda ya bar ta."

"Ai ita ce dai. Ragowar da ba ta da amfani za a cire."

"Akwai maganar da ya taɓa yi wa Inna a kan bayan motag ga, tun tana da rai. Ya ce ranar da..."

"Lantana, maganar mata da ƙarfe ba su haɗuwa."

"To," in ji ta, ta ci gaba da tsintarta. "Allah ya sa ƙarfen ya ji ta maza."

Ran kasuwar Talata Mafara Ɗantani ya zaɓa, don aiki irin wannan bai kamata a yi shi ba shaidu ba. Maikuɗi ya ce shi ma yana da sayayya, ya haye gaba. Suka sauka a rumfar Barau mai walda, wanda sana'arsa ƙofofi ne da tagogi da gadon ƙarfe. Barau bai taɓa yanka mota ba, amma kuma bai taɓa musu da wanda ya kawo aiki ba. In ka ce ya yi maka ƙofar da ba ta buɗewa, launin fenti kawai zai tambaye ka.

Bayan an gaisa an tambayi iyali da ruwa da gajiya, Barau ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce, "A datse daga wutsiya ke nan?"

"Wutsiya aikin jahilai ne," in ji Ɗantani. "Injiniya daga tsakiya shika cirewa, tsakanin gidan direba da tayun baya, sannan a jawo baya a haɗe. Bodi da ƙarfen ƙasa duka."

"To."

Barau ya ciro tef daga aljihu. Ɗantani ya dube shi kamar an miƙa masa cokali a gaban tuwo.

"Mai da abinka. Tun kana rarrafe nika auna yadi da hannun ga. Kamu guda za a cire, kamuna kuwa ko alƙali bai tada shi."

Ya naɗe hannun riga, ya kafa gwiwar hannun dama a jikin motar, ya miƙe yatsu har suna rawa, Barau ya ja alli a nan da can. Daidai nan waya ta yi ƙara. Ɗantani ya ɗauka da hannun dama, ya zagaya ɗaya gefen yana ba mai kiran labarin aikin da ba a taɓa yin irinsa ba a ƙasar Zamfara, ya kafa gwiwar hagu, Barau ya sake jan alli.

Aka ta da janareto. Injin yanka ya kama ƙarfen da ya yi shekaru yana ɗaukar nauyin mutanen Bakura bai yi ƙorafi ba, ya yi ta kuka, tartsatsi na tashi. Wani tsoho mai sayar da igiya ya kau da kai. Kafin azahar mota ta rabu biyu, kai a nan, gindi a can, kaji na ratsawa ta tsakani. 'Yan kallo suka taru suka turo bayan, Barau ya haɗe.

Sai aka ga farfela, dogon ƙarfen da ke juya tayun baya, ta ƙi komawa wurinta.

"Da ma da ragowa anka ƙera ta," in ji Ɗantani. "Datse."

"To."

Salansa, bututun hayaƙi, ta leƙo ta baya kamar wutsiyar ɓera. Aka datse. Wayoyin fitila da bututun birki suka yi yawa, aka naɗe su aka ɗaure da tsumman yadi.

Ɗantani ya shiga, ya yi bisimilla da ƙarfi don na nesa su ji, ya murɗa makulli. Tsohuwar ta tashi, don ba ta saba ƙin tashi ba. Ya hau kwalta. Gabanta ya miƙe sosai, bayanta kuwa ya kama gefen hanya, tana tafiya a karkace kamar karen da ya tsinci ƙashi. Ɗantani ya duba madubi ya ga tayarsa ta baya tana ƙoƙarin wuce shi. Kafin ya gama mamaki, ƙofar baya ta share teburin mai albasa, ta ɗebi damin rake, ta taɓa jakin wani Bafillace, jakin ya rama.

Da ya juyo ya tsaya, rabin kasuwa na biye da shi, mai albasa a gaba.

"Haka na zamani suke," in ji Ɗantani tun bai gama fitowa ba. "Direba shina ganin kayansa ba sai ya waiwaya ba."

"Albasata ma ta zamani ce?" in ji mai albasa.

Maikuɗi ya nufi rumfar Barau. Ya je ya ɗauko guntayen ƙarfen nan biyu da aka cire daga dama da hagu, ya ajiye a gaban taubashinsa.

"Injiniya, auna muna mu gani. Ƙila Barau ne ya kauce wa alli."

Ɗantani ya ji daɗin wannan. Ya ɗora hannun dama a kan na farko, kamu guda cif. Ya ɗora na hagu a kan na biyu, kamu guda cif.

"Kun gani? Hannu bai ƙarya."

Maikuɗi ya ɗaga guntayen ya jera su kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya ya fi ɗaya da faɗin yatsa huɗu.

Kowa ya tsaya kallon hannun hagun Ɗantani, wanda har yanzu yatsunsa ke lanƙwashe kamar na mai ɗibar tuwo. Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san kasuwar yadi. Ɗantani da dama yake auna abin da zai saya, da hagu yake auna abin da zai sayar. Hannun hagu ya daɗe a bakin aikinsa har ya daina jiran umurni.

Wani dattijo, Malam Sulaiman, malamin makarantar boko da ya yi ritaya, ya sunkuya ya dubi wandonsa da ya tsaya a ƙwauri.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ni kuwa shekara da shekaru ina zargin tela. Har gaisuwa mun daina."

"Ni wanki nika zargi," in ji wani.

"Sanyin damina ne ya kama mini yatsu," in ji Ɗantani. "Barau, gefen da ya fi tsawo, a rage mishi. Abu kaɗan ne."

"A kawo tef?"

"Ka ji na ce a kawo?"

"To."

Aka farke walda. Ɗantani ya auna yatsa huɗu, amma da yake ransa a ɓace yake sai yatsun suka baje. Aka yanka, aka haɗe, aka datse farfela, aka gwada. Motar ta daina karkata hagu, ta koma karkata dama, ta share masu tumatir da ke ɗaya gefen, waɗanda ɗazu suka fi kowa dariya. Aka sake farkewa. Aikin da aka ce na yini ɗaya ne ya ci kwanaki. Kullum da safe Ɗantani kan hau ɗan acaɓa daga Bakura ya zo ya rage wa gefe ɗaya, da yamma ya gano ɗayan ne mai laifi. Barau na cewa to, yana tara guntaye a bayan rumfa. Masu shayi suka matso da teburansu kusa. Ranar da motar ta yarda ta tafi a miƙe, abin da ya rage na bodinta bai fi tsawon dadduma ba.

"Yanzu ta yi kyan gani," in ji Ɗantani. Ya sa aka shafe tabon walda da farin fenti.

Ana gobe Alhaji zai sauka, aka aiki Ɗantani da Maikuɗi Maradun su sayo ragon walima. Suka yi sammako, don hanyar nan yanzu ba a yin yamma a kanta. Da suka tsaya a bakin kara, kasuwar dabbobi, dillalan da suka san motar tun suna yara suka kewaye ta.

"Wagga ɗiyar motar Dogo ce?" in ji ɗaya. "Yaushe ta haihu? Ina uwar?"

Suka sayi ƙaton rago da buhun gawayi. Buhun ya shiga, ya cika wurin. Aka ɗora ragon a kai ya zamo, aka gicciya shi ƙahonsa ya fito ta nan gindinsa ta can. Motar da ta saba ɗaukar bijimi biyu ta rasa inda za ta sa tunkiya. Daga ƙarshe ragon ne ya shiga gaba, ya zauna kusa da direba yana leƙen taga, Maikuɗi ya hau kan buhu, ƙafafu na lilo a waje. Tun daga Maradun har gida yana ɗaga wa mutane hannu.

"Ku yi haƙuri da ƙura," yake ce musu. "Mai gidan na gaba, shi da Injiniya."

Amma da suka iso Bakura Ɗantani ya sami abin da yake nema. Ya kira maƙwabta, ya shigar da motar rumfa a hankali. Ta shige duka, har da sauran wurin da za a ɗaure jaki. Da yamma aka yi ruwa, ya gangaro daga kwano ya zuba a ƙasa. Agwagi suka zo suka duba suka koma.

"Wa ya ce rumfa ta yi kaɗan?" in ji Ɗantani. Lantana ta leƙo daga zaure, ta daɗe tana kallon motar ubanta, ta koma ciki.

Washegari ƙofar gidan Alhaji ta cika. An shimfiɗa tabarmi, liman ya zo, Malam Sulaiman ya zo, mahauta da dillalai sun zo, hayaƙin gashi na tashi daga gefe inda Maikuɗi ke juya nama. Alhaji ya sauko daga motar haya, ya ƙara ramewa, ya ƙara tsawo. Aka yi ta gaisuwa, ya hanya, ya ibada, ya aka baro mutanen can, aka raba dabino da zamzam a ƙananan kofuna. Ana cikin haka sai aka ji odar mota. Ɗantani ne ya taho da motar, an wanke ta tana ƙyalli, ya tsaya a tsakiyar fili, ya fito ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Kawu, ga amana. An yi mata ɗan gyara irin na zamani."

Alhaji ya miƙe da sandarsa. Ya dafa kan motar kamar mai gaida tsohon aboki, ya bi gefenta yana shafawa. Ƙafarsa ta san inda motar ke ƙarewa, saboda haka ya ci gaba da tafiya hannunsa na shafa iska, sai da ya yi taki biyu ya tsaya. Ya waiwayo.

"Ina sauran?"

"Kawu, ragowa ce. Yanzu tana shiga rumfa, ba ta shan mai, kuma..."

"Ina sauran, na ce."

"Bappa, ga shi nan," in ji Maikuɗi daga wurin hayaƙi, yana nuna sabon murhun gashinsa da wuƙa. "Barau ya haɗa mini. Ragonka ne a kai. Ƙarfen da ne, shina riƙe wuta."

Alhaji ya dubi murhun, ya dubi motar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a ba shi tabarma. Aka kawo, ta ƙi shiga, sai da aka ninka ta biyu. Mutum biyu suka tallafa masa ya hau. Ya gyara hularsa, ya kwanta, ya sa kansa a jikin gidan direba inda ya saba sawa. Daga gwiwa zuwa ƙasa ƙafafunsa suka sauko waje suna reto, takalmi ɗaya ya faɗi.

Yara suka fara dariya, manya suka tsawata musu. Alhaji ya daɗe yana kallon sama.

"Liman," ya ce daga kwancen, "ranar da na je sayen motag ga, akwai wadda ta fi ta arha. Na kwanta a bayan waccan, ba ta ɗauke ni ba. Na kwanta a wagga, ta ɗauke ni daidai. Iyayena a Birnin Tudu suke kwance. Na gaya wa uwar Lantana, in ranar ta zo, a sa makarata a nan a kai ni kusa da su. Kullum nika hawa in gwada, in ga ko ɗayanmu ya canza."

Liman ya yi gyaran murya. Ɗantani na nan durƙushe. Amma bakin da ya saba ba ya mutuwa rana ɗaya.

"Kawu, ai ana iya buɗe ƙofar baya. Ko a ɗan gicciya..."

"Kamar ragon jiya," in ji Maikuɗi. "Shi ma daga ƙarshe gaba ya zauna."

"Ɗantani," in ji Alhaji, "labarin hannuwanka ya riske ni tun a filin jirgi. Matso ka auna ni. Da na sayen za ka auna, ko Allah ya sa in fito gajere."

Wannan karon manyan ma ba su iya riƙewa ba. Malam Sulaiman ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

Aka sauko da Alhaji, aka sa masa takalmi. Ya miƙa tafin hannu, Ɗantani ya ɗora makulli a kai. Alhaji ya miƙa wa Maikuɗi.

"In an gama cin nama, ka wanke murhun ga ka kai wa Barau tare da motar. A mai da abin da zai mayu. A auna da tef."

"To, Bappa."

Ya juya zai shiga gida, sai ya tsaya a bakin zaure, inda Lantana ke tsaye a bayan labule.

"Lantana."

"Na'am, Baba."

"In ranar ta zo, likkafanina a Mafara za a sayo shi. Kada a ɗauko a shagon mijinki. Ƙafafuna sun fito waje sau ɗaya, ya isa."